Dashbod Ɗin Mota: Yadda Za Ka Goge Shi A Gida, Ka Kuma Karanta Shi

A wannan wata maganarmu da direbobi ce, da yaran mota, da duk wanda yake wanke mota a gida. Ko ba ka da mota kada ka wuce wannan shafi. Ai kana shiga ta wani. Kuma shinkafarka da tattasanka da bandar kifinka a bayan mota suke zuwa kasuwar Haɗeja ko Gujungu ko Kano.

Abin da za mu duba shi ne dashbod. Shi ne allon nan da yake gaban direba, a ƙarƙashin gilashin gaba, tun daga ƙofar hagu har ƙofar dama. A jikinsa agogunan mota suke, da ƙananan fitilu masu launi, da rediyo, da ƙofofin iska, da ɗan akwatin ajiye takardu. A bayansa kuwa, inda ido ba ya gani, wayoyin wuta ne cunkus.

Mutane da yawa sun ɗauka goge dashbod ado ne kawai, aikin masu motar shiga. Ba haka ba ne. Mota ba ta da baki. In tana ciwo, a jikin wannan allo take faɗa. In inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya yi ƙasa, ko batir ya daina caji, a nan za ka fara gani. Direban da ya bar ƙura ta rufe allon, ko ya bar rana da ruwa suka kashe shi, ya toshe bakin motarsa da hannunsa. Ran da inji zai buga masa a tsakiyar fadama da lodin kifi, ba zai ji sallama ba.

Ƙurar hunturu

Mu a nan ƙasar Haɗeja ba sai an gaya mana ƙura ba. Daga watan Nuwamba har wajen Maris hazo ne. Ka goge mota da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a jikinta da yatsa. Yawancin wannan ƙura daga nesa take zuwa. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani ƙaton kwari da ake kira Bodele. A zamanin da can tafki ne, ya ƙafe. Iskar hunturu ce take kwaso busasshiyar ƙasarsa ta watso mana. Ga kuma tamu ta gida, wadda ƙafar shanu da tayar mota suke tayarwa a hanyoyin Baturiya da sauran ƙauyukan Kiri Kasamma.

Ƙurar nan a ido laushi gare ta kamar garin tuwo. Amma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. To, murfin da yake kan agogunan mota ba gilashi ba ne. Roba ce mai haske, kuma ba ta da taurin gilashi. In ka sa busasshen tsumma ka murza shi da ƙura a kai, kamar ka sa yashi ne kana wanke tukunya. Yau ɗan zane, gobe ɗan zane. Kafin shekara biyu murfin ya yi dishi-dishi. In rana ta haska shi ba ka ganin allura sam. Wannan kuskure kusan kowane yaron mota yana yin sa, kuma da kyakkyawar niyya yake yi.

Yadda ake gogewa

Kayan aikin ba su da tsada. Ka nemi tsumma biyu masu laushi na auduga, kamar tsohuwar singileti da aka wanke. Ka nemi sabon burushin fenti ƙarami wanda bai taɓa shiga fenti ba. In babu, gashin fiffiken kaza ko na zabo ya isa. Sai kwano ɗaya na ruwa mai kyau, da ɗan sabulun wanka. Ruwan kogi ko na kududdufi yana da laka. In shi ke gare ka, ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye na sama.

Ka kai motar inuwa, ko ka yi aikin da sassafe kafin roba ta ɗauki zafi. Ka kashe inji, ka zare makulli, ka buɗe ƙofofi. Ka kwashe duk tarkacen da ke bisa allon.

Da fari ƙura za ka kawar, tun ba ka sa ruwa ba. Ka bi da burushi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ka shiga da shi cikin ƙofofin iska, da gefen maɓallai, da lungun da ke tsakanin allo da gilashi. Murfin agoguna kuwa ka fara hure shi da baki, sa'an nan ka share da gashin tsuntsu.

Bayan haka ka sa sabulu ɗan kaɗan a ruwan, kada ya yi kumfa da yawa. Ka tsoma tsumma ɗaya, ka matse shi sosai har ya daina ɗiga. Ka lura da wannan, shi ne ginshiƙin aikin: tsumma mai danshi ake so, ba jiƙaƙƙe ba. Ka goge wuri kaɗan, ka wanke tsumman, ka sake matsewa, ka ci gaba. In ka gama ka bi da ruwa zalla don cire sabulun, sa'an nan ka tsane da busasshen tsumman. A kan murfin agoguna kada ka danna hannu. Ka shafa sau ɗaya zuwa gefe guda, ka juya tsumma, ka sake shafawa. In motarka irin ta zamani ce mai ɗan allo kamar na waya, haka za ka yi masa shi ma.

Kada ka manta da sitiyari da kan giya, nan ne gumi da maiƙon hannu suke taruwa. In shayi ko zoɓo ko lemo ya zuba, ka goge nan take. Sukari in ya bushe yakan liƙe maɓalli, ya kuma kira kiyashi.

A ƙarshe ka goge gilashin gaba ta ciki. Za ka ga wani yauƙi-yauƙi a jikinsa. Da rana ba ya damun kowa. Amma da dare, in mai zuwa ya dallo maka fitila, sai duk gilashin ya yi fari. A irin wannan lokaci ne ake afka wa amalanken shanu ko garken Fulani, tun da su ba su da fitila.

A lokacin hazo a share ƙura kullum, a goge da danshi sau ɗaya a mako. Aikin bai fi minti goma sha biyar ba.

Abubuwan da ba a sa wa dashbod

A nan ne ake ɓarna mai yawa. A tasha za ka ga an dangwalo fetur ko kananzir ko gas ana goge allo, wai don ya fita tas. Wani man birki yake shafawa. Wani baƙin mai, wani basilin, wani man gyaɗa, don allon ya yi ƙyalli fasinja su yaba.

Ga abin da ya sa bai kamata ba. Robar da ke saman dashbod an haɗa ta ne da wani sinadari mai sa ta laushi. Fetur da kananzir da tina suna tsotse wannan sinadari. Ranar farko za ka ga ya yi kyau. Bayan 'yan watanni sai robar ta bushe, ta koɗe, ta fara tsagewa kamar ƙasar fadama da bazara. In kuma suka taɓa murfin agoguna, yakan yi fari, ba ya komawa. Man birki ma fenti yake ci, balle roba. Ban da haka, tururin fetur a cikin mota haɗari ne. Ashana ɗaya ta isa.

Su kuwa basilin da man gyaɗa da baƙin mai, ƙura suke kamawa. Ka shafa yau, gobe allon ya zama kamar an yaɓa masa laka. Sa'an nan allon da yake ƙyalli hotonsa yana fitowa a jikin gilashi, ya kashe wa direba ido da tsakar rana. Ba a banza masu ƙera mota suke yin saman dashbod baƙi ko ruwan toka mara ƙyalli ba. In maiƙon ya kai ga sitiyari ko abin taka birki, to hannu da ƙafa za su riƙa zamewa.

Garin sabulu mai ƙarfi na wankin kaya, da sabulun soda, da ruwan bilic, su ma a bar su ga wanki. Soson ƙarfe kuwa ko kusa.

Akwai man goge dashbod na gwangwani da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Wanda yake so ya saya, ya zaɓi mara ƙyalli. Ya fesa a jikin tsumma, ba a jikin allo ba, kada kuma ya kai shi sitiyari. Amma a ganinmu, in kuɗin ba su da yawa, gara a sa su a juyen baƙin mai. Ruwa da tsumma sun wadatar.

Rana

A watan Afrilu da Mayu zafi a ƙasar Haɗeja yakan wuce digiri 40. A cikin motar da aka rufe aka bari a rana abin ya fi haka nesa. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, amma ba ya barin zafin ya fita. Cikin minti goma kacal zafin ciki yakan ƙaru da wajen digiri 10. Cikin awa ɗaya ƙarin yakan wuce digiri 20. Shi kansa saman dashbod yakan kai digiri 70, har ya ƙona hannu. Da dare kuma ya huce. Wannan miƙewa da tsukewa ta kullum ita take fasa roba, ta ɓamɓare gam, ta kuma gajiyar da wayoyi.

Maganin abin a hannunmu yake. Inuwa ce. Rumfar zana ta isa. In babu, ka nemi gindin maina, watau darbejiya. In dole ka tsaya a fili, kamar ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ka juya bayan motar wajen rana. Ka yanka kwali daidai faɗin gilashi ka kafa ta ciki, ko ka shimfiɗa tabarmar kaba ta waje ka danne. Kaba dai ba mu rasa ta ba a Baturiya.

Kada ka bar waya, ko batirin cajin waya, ko laita, ko gwangwanin turare, ko na maganin sauro a bisa allo. In ka karanta jikin irin waɗannan gwangwanaye za ka ga an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. Suna fashewa. Maganin asibiti yana lalacewa a wannan zafi. Takardun mota da rasit su ma suna koɗewa, ka sa su cikin akwatin.

Akwai wanda ya fi duk wannan. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyar ne. In ka gama wanke mota ka kulle ta, ka ɗauke makullin. An sha samun yara a ƙasar nan sun shiga motar da aka ajiye suna wasa, ƙofa ta rufe, aka tarar da su rai ya yi halinsa.

In allo ya riga ya tsage, ba shi da magani. Sai dai a rufe shi kada ya ƙaru. A sa ƙyalle mai duhu, a yanka shi daidai, a kafe shi kada ya zamo kan sitiyari. Farin ƙyalle yana haska gilashi. Kuma kada ya rufe agoguna ko ramukan iska da ke gindin gilashi.

A nan sai mu ja hankalin masu motocin da ake shigowa da su ta Kwatano. Tsofaffin Fijo 504, irin waɗanda aka haɗa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975, allonsu ba shi da wata rigima. Na yanzu kuwa yawancinsu suna da jakar iska a ɓoye a gaban fasinja da tsakiyar sitiyari. Ka duba, za ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a wurin. In aka yi karo, jakar tana fasa murfin ta fito kafin ƙiftawar ido, da gudun da yakan kai kilomita 300 a awa. Duk abin da ka liƙa ko ka ɗora a wurin, kwalbar turare ce ko furen roba mai gindin ƙarfe, fuskar fasinja zai nufa. Kada kuma a bar kowa ya ɗora ƙafa a nan, kada a zauna da ƙaramin yaro a cinya.

Ruwa da ɓera

Wasu in sun kai mota bakin kogi wanki, sai su watsa bokiti har ciki. Wannan ganganci ne. A bayan allo da ƙarƙashinsa akwai akwatin fis, da mahaɗar wayoyi. A motoci da yawa nan ne ma ƙwaƙwalwar mota take. Ruwa in ya shiga ba lalle ka ga illar ran nan ba. Tsatsa ce za ta riƙa ci a hankali. Bayan wata biyu sai agogo ya fara rawa, fitila ta riƙa kamawa tana mutuwa, mai gyaran waya ya yi ta lalube yana cin kuɗinka.

Da damina ka riƙa duba magudanar da ke gindin gilashi ta waje. Ganyen maina da ƙura sukan toshe ta. In ta toshe, ruwan sama ta bayan dashbod yake bi ya sauka a ƙafar fasinja. Tsinke da hannu sun isa a yashe ta.

Mun ga yadda Kogin Haɗeja ya yi ambaliya a 2018 da 2020 da 2022, ruwa ya ci gonaki da hanyoyi da gidaje. In ruwa ya sha motarka har ya kai kujeru ko allo, kada ka murza makulli don ka gwada. Gwajin nan shi yake ƙone wayoyi, in kuma ruwa ya shiga inji ya lanƙwasa ƙarfe. Ka cire kan batir, ka fara da wanda yake da alamar ɗebewa. A jawo motar tudu, a cire shimfiɗun ƙasa, a buɗe ƙofofi ta sha iska kwanaki. Sai makaniki ya duba kafin a tayar.

Ɓera kuwa ƙanshin kifi da tsabar shinkafa da ɓawon gyaɗa suke kawo shi. In ya shiga, bayan dashbod yake yin sheƙa, ya yi ta gaigayar waya. In ka sauke kaya ka share motar ran nan, kada ka ajiye ta kusa da rumbu.

Karatun allo

To, an goge allo ya fito. Saura karatu. Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, baƙaƙe huɗu ne kawai, kuma ka san su. A agogon mai akwai E da F. E tanki ya kusa ƙarewa, F ya cika. A agogon zafi akwai C da H. C sanyi, H zafi. Allurar zafi wajen tsakiya ya kamata ta zauna. In ka ga tana hawa wajen H, ka sauka gefen hanya ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, ko da rabin awa ne, domin tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska. Wanda ya ce bari in lallaɓa in kai gari, gaskit yake ƙonawa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobi da yawa a kan E suke yawo. Mun san halin da ake ciki. Amma a motocin zamani famfon mai a cikin tanki yake, kuma man ne yake sanyaya shi. Yawan tafiya da busasshen tanki yana rage masa kwana.

Fitilun kuma launinsu za ka fara dubawa. Ja, tsaya ka duba. Ruwan ɗorawa, ka kai wa makaniki ba da daɗewa ba. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ka, kamar sigina tana aiki ko doguwar fitila tana kunne.

Jar fitilar da ta fi kowacce haɗari ita ce mai kama da buta tana ɗiga. Ma'anarta baƙin mai ba ya zagayawa a inji. In ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take ka kashe. Ba a yi mata alkawarin kilomita ɗaya. Ka zaro sandar awo ka duba. In man ya yi ƙasa ka ƙara. In man yana nan amma fitilar ba ta mutu ba, a jawo motar, kada a tuƙa ta. Galan ɗin baƙin mai da sabon inji ba kuɗinsu ɗaya ba.

Mai hoton batir tana nufin caji ya tsaya. Sau da yawa fanbel ne ya tsinke ko ya saki. A motoci da yawa bel ɗin nan shi yake juya famfon ruwa, saboda haka in ta kama ka sa ido a kan allurar zafi. Mai da'ira da alamar motsin rai a tsakiya ta birki ce. Ko birkin hannu bai sauka ba, ko man birki ya yi ƙasa.

Agogon gudu ma yana da tarko. Motocin da aka yi don Amurka da mil suke ƙirga, za ka ga MPH a jikin manyan lambobin. Mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi kaɗan. In allura tana kan 60, to kana gudun kusan kilomita 97 ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da kilomita take aiki. Kilomita 80 da aka ƙayyade wa ƙananan motoci a babbar hanya irin tamu, mil 50 ke nan.

Ƙananan lambobin da ke ƙasan agogon gudu kuwa nisan da mota ta yi suke ƙirgawa. Ran da ka yi juyen mai ka rubuta lambar a ɗan littafi, ka ajiye a akwatin allo. Makanikai da yawa sukan ce a sake juye bayan kilomita 5,000. Daga Haɗeja zuwa Kano wajen kilomita 200 ne. Watau zuwa da dawowa sau 12 ko 13 lokaci ya yi. Mai bin hanyar ƙura kada ya jira ya cika.

Kowace safiya kafin ka tayar, ka murza makulli rabi ka tsaya. Fitilun gargaɗi za su kama gaba ɗaya. Mota ce take gwada su. In inji ya tashi sai su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, ƙwanta ya mutu ko an cire shi. Wasu masu gyara in fitila ta dame su, ƙwan suke zarewa ko su liƙa baƙin tef a kai, ciwon kuwa yana nan. Wasu dillalai ma haka suke yi kafin su kai mota kasuwa. In za ka sayi ta hannu, ka yi wannan gwaji a gaban mai ita, ka tabbata ta buta da ta batir da mai hoton inji duk sun kama kafin a fara ciniki.